Binciken Haske a Ƙanƙanin Wuri da Ƙanƙanin Lokaci

Nanofotonik reshe ne na kimiyya da ke nazarin yadda haske ke mu'amala da abubuwa ƙanana ƙwarai, waɗanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Tsawon zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700. Idan abu ya fi wannan ƙanƙanta, sai ya sake hali: zinariya da aka sani rawaya takan koma ja idan aka mayar da ita ƙwayoyi masu nanomita 40. Irin waɗannan ƙwayoyi ne ke fitar da jan layi a mafi yawan na'urorin gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake amfani da su a asibitocin karkara, har da na ƙasar Kazaure.

Ɗan'uwan wannan reshe shi ne binciken ƙwayoyin sinadarai da walƙiyar leza mai matuƙar sauri. Ƙwayoyin zarra da ke cikin sinadari suna haɗuwa su rabu cikin femtosakan, wato sakan guda a raba shi gida miliyan, kowane gida a sake raba shi biliyan. Haske, mai gudun kilomita 300,000 a sakan, nanomita 300 kawai yake ci a wannan lokaci. Masu bincike kan harba walƙiya ta farko ta tayar da sinadarin, su bi ta da ta biyu bayan ɗan jinkiri don ganin halin da ya shiga. Suna canza jinkirin suna maimaitawa, har a sami jerin hotuna kamar na majigi. Da haka aka gano cewa matakin farko na gani a idon ɗan Adam yana kammala cikin femtosakan 200 ko kusa da haka. Da haka kuma ake bin sawun makamashi a cikin farantin sola, don a san inda yake zurarewa.

Wanda ya jagoranci wannan fanni na walƙiyar leza ɗan Afirka ne. An haifi Ahmed Zewail a Damanhur ta ƙasar Masar a 1946, ya yi karatu a Jami'ar Iskandariyya, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, sannan ya koma jami'ar Caltech a 1976. Ya karɓi kyautar Nobel ta kemistiri a 1999, ya rasu a 2016. A 2023 an ba Pierre Agostini da Ferenc Krausz da Anne L'Huillier kyautar Nobel ta fizik saboda walƙiyar atosakan, wadda ta fi femtosakan gajarta sau dubu.

Ɗalibin da ya taso a Achilafiya, Roni ko Gwiwa a ƙasar Kazaure, yake kuma son shiga wannan fanni, yakan fara da ƙwarewa a lissafi, fizik da kemistiri tun daga sakandare. Akwai manyan makarantu kusa da gida: Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura da aka kafa a 2021, Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Bayero a Kano. Bayan digiri na farko sai na biyu, sannan digirin digirgir mai ɗaukar shekara uku zuwa biyar, sai wasu shekaru na aiki ƙarƙashin gogaggen mai bincike.

Matakan ƙarshe galibi a waje ake yin su, domin lezar femtosakan tana da tsada, tana kuma buƙatar lantarki marar yankewa, ɗaki mai sanyi daidai, babu ƙura, da tebur da ba ya girgiza. Hukumar PTDF tana ba da tallafin karatu a waje, haka ma hukumar DAAD ta Jamus; hukumar TETFund ma ta kasance tana bayarwa a da. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana horar da masana daga ƙasashe masu tasowa, akwai kuma Cibiyar Leza ta Afirka da ke Afirka ta Kudu.

Ɓangaren lissafi da kwaikwayon gwaji a kwamfuta kuwa ana iya yin sa a Najeriya, tare da haɗin gwiwa da ɗakunan gwaji na waje. Wanda ya ƙware yakan koyar a jami'a, ko ya yi aiki a kamfanonin sadarwa masu wayoyin gilashi, masana'antar sola, ko masu ƙera na'urorin gwajin asibiti.