Hanta da Saifa a Maganin Gargajiyar Sin: Matsalar Fassara a Bayanin Ciwon Rikicewar Hanji

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda maganin gargajiyar ƙasar Sin ke kallon ciwon rikicewar hanji, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da IBS, da kuma tarkon da ke jiran mai fassara wannan bayani zuwa Hausa. Alamomin ciwon su ne murɗar ciki da kumburi da gudawa ko taurin bayan gida, alhali gwaji ba ya nuna rauni a hanji.

2.0 Saƙo Tsakanin Hanji da Ƙwaƙwalwa

A shekarar 2016, ƙa'idojin Rum na huɗu sun sanya ciwon cikin cututtukan da ke tasowa daga tangarɗar sadarwa tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Saƙon yana bin jijiya ta goma daga cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin sirotonin a hanji ake samar da shi. Shi ya sa damuwa kan tayar da ciwon.

3.0 Mahangar Sinawa

Tsohon littafin Huangdi Neijing ya danganta fushi da hanta, yawan tunani kuma da saifa. A kan wannan ne masu maganin Sin ke cewa hanta ta danne saifa, sai su ba da haɗin Tongxie Yaofang mai tsirrai huɗu, ciki har da busasshen ɓawon lemo. Wani gwaji da aka buga a 1998, kan marasa lafiya 116 a Ostareliya, ya nuna haɗe-haɗen tsirran Sin sun fi maganin bogi kawo sauƙi. Sai dai bitar Cochrane ta 2012 ba ta ga fifikon sukar allura ta gaske a kan ta bogi ba.

4.0 Kammalawa

Kalmomin gan da pi, waɗanda ake fassarawa da hanta da saifa, sunayen ayyukan jiki ne, ba tsokar da mahauci ke yanka ba. Pi narkar da abinci take nufi. Idan aka fassara su kai tsaye, majinyaci zai zaci hantarsa ce ta lalace. Bahaushe ma yakan ce hantarsa ta kaɗa, ko cikinsa ya ɗuri ruwa, don nuna tsoro. Saboda haka ya wajaba mai fassara ya bi aikin da kalmar ke nufi, ya kuma bayyana shi a fili.