Lambar 500.000: siffofinta da sunayenta a ƙidayar Hausa

A watan Janairu na shekarar 1851, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Tasawa, gabas da Cadawa. Ya ba da labarin ƙirgar wuri 500.000 da aka yi a can da taimakon mutum biyar ko shida. Bisa bayaninsa, ana jan wuri biyar-biyar, a tara shi tsibi-tsibi na 200 ko 1.000, buhu guda kuwa yana cin 20.000. Wannan lamba ta cancanci nazari, domin tana nuna yadda tsarin ƙidaya yake bin siffofin lissafi.

Da farko, lambar cika ce, wato tana rabuwa biyu ba saura. Na biyu, harhaɗaɗɗiya ce: tushenta 2 da 5 kaɗai, domin 32 (biyu ninki biyar a kan kanta) sau 15.625 (biyar ninki shida a kan kanta) shi ne 500.000. Saboda haka lambobi 42 ne suke raba ta daidai. Ba ta rabuwa da 3, tun da jimillar alƙalumanta 5 ce. Na uku, idan aka haɗa dukan masu raba ta, ban da ita kanta, za a sami 730.453, abin da ya zarce ta. Masana lissafi suna sanya irinta cikin rukunin lambobi masu yalwa.

Duk ma'aunan masu ƙirgar wuri suna cikin waɗannan 42. Ke nan 500.000 ja 100.000 ne na biyar-biyar, ko hauya 25.000 (hauya ita ce ashirin), ko tsibi 2.500 na metan, ko buhu 25.

Jan biyar-biyar yana da takwara a kuɗin sefa. A kasuwar Cadawa, kamar sauran kasuwannin jihar Maraɗi, da dala ake lissafi, dala kuwa tamma biyar ce. Takardar da aka buga wa 500, ɗari ake ce mata, ta 1.000 kuma jika. Manomin da ya sayar da wake na 500.000 zai ce jika ɗari biyar, alhali a lissafin dala dubu ɗari ne.

Wannan yana da muhimmanci ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci. Ƙasa da jika, alƙalamin da ke rubuce ya ninka abin da baki yake faɗa sau biyar. Daga jika zuwa sama, dubbai ne kaɗai suke tafiya daidai. A 1.250 ana cewa jika da hamsin. Ɗalibin da ba a bayyana masa wannan ba yana iya rubuta 1.050 a takardar bashi, ya yi hasarar dala arba'in.

Ya kamata kowane darasi na kuɗi ya jera ginshiƙai uku: alƙalami, karatunsa a ƙidaya zalla, da sunansa a kasuwa. Ninkawa da rabawa da 5 kuma su zo kafin na 3 da 7.