ASALIN ZANCEN ƘARSHEN DUNIYA A CIKIN LINJILA

Bahaushen da ke zaune a unguwar Ogui ta birnin Enugu, ko mai fatauci a kasuwar Anacha, ba ya rasa jin masu wa'azin Kirista suna ambaton ƙarshen duniya, da tashin matattu, da zuwan Ɗan Mutum a cikin gizagizai. Da yawa sukan ɗauka daga Linjila wannan zance ya faro. Alhali kuwa Yahudawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta irinsa kafin a rubuta Linjila ko guda.

Masana suna kiran waɗannan rubuce-rubuce littattafan wahayi, watau na buɗe asirin abin da ke ɓoye. Galibinsu a lokacin tsanani aka yi su. A shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Antiyokus na Huɗu, ɗaya daga cikin sarakunan Girkawa da suka mallaki ƙasar Sham, ya ƙazantar da Haikalin Birnin Ƙudus, ya kuma hana Yahudawa bin shari'arsu. Akasarin masana sun tafi a kan cewa a wannan zamani ne aka kammala Littafin Daniyel. A babinsa na 7 an kwatanta dauloli da namun jeji huɗu masu ban tsoro, sa'an nan aka nuna wani mai siffar mutum yana karɓar mulki madawwami. Manufar ita ce a ƙarfafa zuciyar wanda aka zalunta, ya san cewa mulkin azzalumi yana da iyaka.

Akwai kuma Littafin Anuhu, wanda malaman Musulunci da dama suke cewa shi ne Annabi Idrisu. Sassansa mafi tsufa sun riga na Daniyel kammaluwa. Abin sha'awa shi ne a Afirka kaɗai cikakkensa ya tsira, domin cocin ƙasar Habasha ya adana shi cikin harshen Gi'iz. A 1773 wani matafiyi, James Bruce, ya kai kofensa Turai. Daga 1947 kuwa aka fara gano tsofaffin takardu a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, har aka sami gutsattsarin littafin nan cikin harshen Aramiya. Wasiƙar Yahuza ta Sabon Alkawari ma ta ambaci annabcin Anuhu da sunansa.

To, ina alaƙar wannan da Linjila? A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, sojojin Rum suka rushe Haikalin Birnin Ƙudus. Wajen wannan lokaci ne, bisa ga ra'ayin yawancin masana, aka rubuta Linjilar Markus, daga baya Matiyu da Luka suka biyo. Duk wanda ya duba babi na 13 na Markus, da na 24 na Matiyu, da na 21 na Luka, zai tarar da yaƙe-yaƙe, da yunwa, da duhuncewar rana, da zuwan Ɗan Mutum. Matiyu ma ya kira sunan Daniyel ƙarara. Mutanen wancan zamani sun riga sun saba da wannan salon magana, kamar yadda Bahaushe ya saba da karin magana tun yana yaro.

Amma marubutan Linjila ba su tsaya ga mafarkai da fassararsu ba. Sun saka wannan salo a cikin labarin rayuwar mutum guda, suka ce Ɗan Mutum ɗin nan shi ne Yesu Almasihu. A nan ne hanyarsu ta rabu da ta Yahudawa, waɗanda su ma suka ci gaba da nasu rubutun bayan rushewar Haikali, irin su Littafin Ezra na Huɗu da na Baruk na Biyu.

Shigowar wannan labari cikin harshen Hausa tana da nasaba da gaɓar kogin Kwara. J. F. Schön, wanda ya ratsa kogin tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841, ya duƙufa ga nazarin Hausa da fassara Linjila. Crowther ya kafa mishan a Anacha a 1857, Sabon Alkawari na Hausa ya fito a 1880, cikakken Littafi Mai Tsarki kuwa sai a 1932.

Hausawa kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya san asalin waɗannan littattafai ba zai yarda wani ya mai da su kalandar ƙidaya ranar tashin duniya ba, balle ya sayar da gonarsa ko ya rufe shagonsa saboda an yanka masa rana. Babin nan na Markus da kansa ya nuna cewa sanin ranar yana wurin Allah shi kaɗai, Musulmi kuma haka ya gaskata game da tsayuwar Sa'a. Maƙwabtan da ke zaune tare a Ogui, ko da sun saɓa a wasu al'amura, a kan wannan dai bakinsu ɗaya ne.