Yadda Masana Suka Gano Abin Da Ke Cikin Ƙwayar Zarra

Sunan da Girkawa suka laƙaba wa ƙwayar zarra, wato atomos, ma'anarsa abin da ba ya rarrabuwa. A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Dimokiritus ya yi hasashen cewa idan aka ci gaba da gutsuttsura abu, za a kai ga ɗan ƙwayar da ba ta ƙara gutsurewa. Ba shi da hujjar gwaji, kuma Aristotal ya yi watsi da batun, don haka ya kwanta kusan shekara dubu biyu.

John Dalton, wani malamin makaranta a birnin Mancesta na Ingila, shi ne ya farfaɗo da shi. A 1808 ya bayyana cewa kowane sinadari yana da irin tasa ƙwayar mai nauyinta na musamman, kuma ƙwayoyin suna haɗuwa ne bisa tsayayyen ƙima. Sai dai shi ma ya ɗauki ƙwayar a matsayin dunƙulallen abu.

A 1897 J. J. Thomson na Jami'ar Kambirij ya gano ilektiron, wanda ya fi ƙwayar zarra mafi sauƙin nauyi sauƙi kusan sau 1,800. Nan take aka fahimci ƙwayar tana da sassa. Thomson ya siffanta ilektiron a warwatse cikinta kamar 'ya'yan kankana a cikin tsokarta.

Ɗalibinsa Ernest Rutherford ne ya rushe wannan siffa. A 1909 mataimakansa Hans Geiger da Ernest Marsden sun harba ƙwayoyin alfa kan fallen ƙarfe marar kauri, har da na zinariya. Galibinsu sun ratsa sun wuce, ƙalilan kuwa suka dawo da baya. A 1911 Rutherford ya fassara sakamakon: kusan dukkan nauyin yana tattare a wata 'yar cibiya, sauran kuma sarari ne. Da ƙwayar za ta kai girman filin wasan ƙwallo, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar wake ba.

Niels Bohr ɗan ƙasar Denmak ya ƙara da cewa, a 1913, ilektiron yana zama ne a wasu keɓaɓɓun matakan ƙarfi, kuma yana fitar da haske idan ya sauko daga wani zuwa wani. Lissafin Erwin Schrödinger na 1926 ya kai masana ga fahimtar cewa ba a iya zana wa ilektiron hanya, sai dai a ƙiyasta inda ake sa ran samun sa. A 1932 James Chadwick, ɗalibin Rutherford, ya gano niyutiron a cikin cibiyar.

A ƙarshen 1938 a Berlin, Otto Hahn da Fritz Strassmann suka fasa cibiyar yuraniyom, Lise Meitner da Otto Frisch suka bayyana abin da ya faru. Shekara bakwai bayan haka aka jefa bam a Hiroshima da Nagasaki.

Wannan ilimin ne ya ba yuraniyom ɗin Arlit a Jamhuriyar Nijar daraja, kuma a kansa aka kafa na'urar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004.