Yadda saiwar hatsi ke gane abokiyarta a cikin ƙasa

A gonakin jigawa na Gecheme, inda ƙasa ke da ƙarancin fosfor, saiwar hatsi kan fitar da sinadarin strigolakton don kiran wata funfunar ƙasa mai amfani. Ita kuma sai ta amsa sallama da nata sinadarin, wanda masana a Tuluz ta Faransa suka gano a 2011. Fatar saiwa na da masu gadi da ke tantance shi. In ya dace, a buɗe ma funfunar ƙofa, ta kawo fosfor, a biya ta da sukari.

Sai dai ƙuduji ma na jin kiran nan, shi ke tada irinsa. Shi ya sa ya fi addabar gonar da ta gaji, inda hatsi ke yawaita kira. Zuba taki na rage shi.