Farin Magi, Kanwa da Manja: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Faɗa Kawai

Babu kayan ɗanɗanon da ya sha zargi a ƙasar Hausa kamar farin magi, wanda ake cewa yana fitar da tabo daga tufafi, saboda haka wai dole ya tsinka hanji ko ya jawo ciwon daji. Wannan magana ba ta da madogara a bincike. Ainihin abin da ke cikinsa shi ne gulutamet, sinadarin da ke ba abinci ɗanɗanon romo, wanda wani masanin Japan mai suna Kikunae Ikeda ya ware a shekarar 1908, kuma yana nan a halitta cikin tumatir da nama, haka nan cikin daddawa, inda ruɓar da ake yi wa kalwa take farfasa furotin ɗinta ta sake shi. Kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya duba shi a 1987, bai kuma ga dalilin yanka masa iyaka ta musamman ba a gwargwadon da ake sa shi a abinci. Hujjar fitar da tabo kuwa ba hujja ba ce, domin lemon tsami ma yana fitarwa, ba wanda ya kira shi guba.

Amma wanke farin magi daga wannan zargi bai wanke tukunyar ba, domin illar da aka tabbatar tana wani wuri da jita-jita ba ta cika leƙawa ba, wato yawan sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri wanda yawaitarsa ke sa jiki riƙe ruwa, jini ya hau, zuciya da ƙoda su wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, alhali a ƙiyasinta matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya haura ninki biyu na haka. A miyar alayyahu ko ta taushe guda ɗaya, sodiyam kan shigo ta ƙofa huɗu: gishirin da aka barbaɗa, dunƙulen magi wanda kusan rabin nauyinsa gishiri ne, farin magi da ke ɗauke da kimanin kashi 12 cikin 100 na sodiyam, sai kuma kanwa. Uwargidan da likita ya ce wa maigidanta ya rage gishiri, ta janye gishirin ta ƙara dunƙule biyu a madadinsa, ba ta rage komai ba, kuma wannan kuskure ne da ya zama ruwan dare. Abin da ke aiki shi ne a rage duka a hankali, tun da harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, a cike gurbin da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da daddawar da ba a cika mata gishiri ba, da kuma tsamin yakuwa ko na lemo, wanda ke farkar da ɗanɗano.

Kanwa ita ce aka fi yi wa kyakkyawan zato ba tare da ta cancanta ba. Gaskiya ne tana kashe tsamin tumatir da na yakuwa, tana saurin nunar da ganye, tana tsare masa korensa, tana kuma ƙara wa kuɓewa da karkashi yauƙi. Sai dai wannan kore shar da ke burge ido ba shaidar amfani ba ne, domin kanwa kishiyar tsami ce, kuma bitamin C da bitamin B1 ba sa jure irin wannan yanayi, suna lalacewa da sauri idan aka haɗa musu da zafi. Ban da haka, kanwar kanta gishirin sodiyam ce duk da harshe ba ya jin ta a matsayin gishiri. Likitocin da suka yi nazari a Zariya a shekarun 1970 sun danganta yawan ciwon gazawar zuciya da suke gani a tsakanin masu jego da shan kunun kanwa da yawa tare da zafin wankan jego. Ɗan jiƙon kanwa a miyar kuɓewa ba ɗaya yake da wancan ba, amma mai hawan jini ya kamata ya lissafa shi cikin gishirinsa na yini.

A kan mai, magana biyu ce ke karo da juna, kuma kowacce ta zarce gona da iri. Masu cewa ganye ya fi lafiya idan babu mai ko ɗigo sun yi kuskure, saboda karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A wanda ke cikin karas da kabewa da zogale, ba ya narkewa sai a cikin mai, haka ma bitamin E da K, don haka ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗar da ake yi wa kwaɗon zogale ko na rama suna taimaka wa hanji ɗaukar abin da ke cikin ganyen. Masu zuba mai har ya taso ya rufe miya, da sunan shi ne alamar wadata, su ma sun wuce buƙata, domin ɗan kaɗan ya isa wannan aiki, ragowar kuwa kitse ne kawai.

Cewa manja yana ɗauke da kolestarol ba daidai ba ne, tun da wannan nau'in kitse daga dabba ake samun sa, babu wani man tsiro da ke da shi, abin da ke nufin rubutun da ake yi a jikin galan cewa mai ba shi da kolestarol gaskiya ce da ba ta bambanta shi da kowane man tsiro ba. Abin da ya tabbata shi ne kusan rabin manja daskararren kitse ne, irin wanda yawan cinsa ke ɗaga kolestarol ɗin da jiki ke haɗawa da kansa, yayin da na man gyaɗa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. A ɗaya ɓangaren, jan launin manja karotin ne, kuma al'adar ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koɗe kafin a jefa albasa tana ƙone wannan amfani, ta bar kitsen. Man da aka soya ƙosai ko kifi da shi sau da yawa har ya yi duhu ya yi kauri shi ma ya riga ya lalace, bai dace a juye shi a miya ba.

Batun cewa dafuwa na kashe amfanin ganye gaba ɗaya rabin gaskiya ne. Bitamin C da folet, wanda mai juna biyu ke matuƙar buƙata, suna bin ruwa kuma zafi yana rage su, saboda haka tafasa zogale na tsawon lokaci a tsiyaye ruwan a zubar yana tafiya da kaso mai yawa daga cikinsu. Amma dafuwa tana tausasa jikin karas da tumatir yadda jiki zai fi cin moriyarsu, tana rage ogzalet, sinadarin da ke cikin alayyahu wanda ke tare wa jiki wani ɓangare na kalsiyam, tana kuma kashe ƙwayoyin cutar da wanki da ruwan gishiri kaɗai ba ya gamawa da su. Matsakaiciyar hanya ita ce a wanke ganye kafin a yanka shi, a turara shi ko a zuba shi a ƙarshen miya, a sauke da zarar ya yi laushi.

Akwai kuma masu ganin gishirin gargajiya, irin na Bilma ko manda, ba ya hawar da jini kamar na leda. Shi ma sodiyam ne ginshiƙinsa, kuma galibi ba a sa masa ayodin ba, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo da tauye ƙwaƙwalwar yaro, wanda Najeriya ta wajabta sanyawa a gishirin ci tun 1993. Ayodin yana raguwa idan gishiri ya sha danshi da zafi, shi ya sa ake so a adana shi a rufaffen mazubi nesa da murhu, a kuma sa shi a miya dab da saukewa.