LIƘA YADI A ƊAKIN MATUƘIN JIRGIN SAMA ƘIRAR GIDA: WAIWAYE DAGA SANA'AR MASU KUSHIN NA JIBIYA

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wani ɗan sashe na aikin harhaɗa ƙaramin jirgin sama, watau liƙa yadi ko fata a bangon ɗakin matuƙi. Da jin batun, mai yiwuwa wani daga cikin mahalarta wannan taro ya ce ai wannan kwalliya ce, wadda ake yi bayan an gama aikin gaske. To amma abin da muke so mu nuna shi ne, a jirgin sama liƙi yana cikin abubuwan da ran matuƙi ya rataya a kansu. Yadin da ya ɓanɓare a mota sai dai ya ɓata wa fasinja rawani. Wanda ya ɓanɓare a jirgi kuwa yana iya rufe wa matuƙi ido, ko ya sarƙe matakan ƙafa da ake juya wutsiyar jirgin da su.

Mun zaɓi mu ɗora bayaninmu a kan sana'ar masu kushin, watau masu ɗinkin kujeru da silin ɗin mota, irin waɗanda ake samu a Jibiya. Dalili kuwa shi ne, duk wanda ya tashi yin irin wannan aiki a ƙasar Hausa, hannunsu da kayan aikinsu zai nema.

2.0 JIRGI ƘIRAR GIDA A ƘASARMU

Jirgi ƙirar gida shi ne wanda mutum ko 'yan mutane suka ƙera da hannunsu domin ilmi ko sha'awa, ko dai daga zane, ko daga sassan da wani kamfani ya yanka ya sayar musu. A Amurka an kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa, EAA, tun 1953, kuma dokar ƙasar ta ce sai mai jirgin ya yi fiye da rabin aikin da kansa kafin a ba shi rajista a wannan rukuni.

Al'amarin ba baƙo ba ne a Arewa. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin shekarun 1990, kamfanin AIEP da ke Kaduna ya harhaɗa wa Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya jirage 60 na koyon tuƙi, waɗanda aka sa wa suna Air Beetle. Asalinsu kuwa samfurin RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft da ke Amurka, wanda aka tsara musamman domin masu harhaɗawa a gida. Sa'an nan a 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin motar Honda Civic, ya kuma sa masa kujerun tsohuwar Toyota. Wannan misali na biyu ya nuna mana a fili inda maƙerin gida yake dosa in ya zo kan ɗakin matuƙi: garejin mota.

3.0 ABIN DA MAI KUSHIN YA RIGA YA SANI

Jibiya tana kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, dab da iyakar Nijeriya da Nijar, inda ake tsallakawa daga Magama zuwa Ɗan Isa. Gari ne na motocin haya da na kaya. Tun zamanin Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, kujerun motocin wannan hanya suna shan nauyi da rana da ƙura, saboda haka mai kushin bai taɓa rasa aiki ba.

Babban makaminsa shi ne gam mai ruwan ɗorawa na cikin gwangwani, wanda jama'a suka fi sani da sunan Evo-Stik. Asalinsa robar niyofirin ce, wadda aka gano a kamfanin DuPont a 1930, aka narkar da ita cikin ruwan sinadari mai saurin tashi, ɗan'uwan tina. Yadda yake aiki kuwa shi ne, ana shafa shi a fuskoki biyun da za a haɗa, a jira ruwan ya tashi ya bar robar, sa'an nan a haɗa a danne. Robar wannan fuska ce take kama ta waccan. Mai kushin ya san cewa sai ya taɓa da bayan yatsa ya ji danƙo amma gam bai biyo yatsan ba, kana ya haɗa. Ya san in fuskokin suka taɓu ba a sake gyara musu zama. Ya kuma san cewa gam mai yawa yana ratsa yadi ya bar tabo. Duk wannan ilmi yana da amfani a jirgi, ba a zubar da ko ɗaya. Sai dai akwai abubuwa huɗu da mota take yafewa, jirgi kuwa ba ya yafe su.

4.0 INDA JIRGI YA SHA BAMBAN DA MOTA

4.1 Zafi

A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a yankin Katsina da Jibiya yana kai digiri 40 a ma'aunin salshiyas. Cikin motar da aka rufe a rana yakan haura digiri 60. Ƙaramin jirgi irin RV-6A kuwa rufin ɗakinsa gaba ɗaya roba ce mai kama da gilashi, saboda haka rana tana dukan cikinsa kai tsaye. Gam na fesawa mai araha, wanda aka yi domin takarda da kwali, yana yin laushi a irin wannan zafi, sai yadi ya fara saki daga gefe. Wajibi ne a nemi gam wanda kamfaninsa ya rubuta iyakar zafin da yake jurewa, a kuma tabbata iyakar ta zarce abin da muka ambata da tazara mai kyau.

Akwai wasu illoli biyu da zafi yake gaggautawa. Ta farko ta shafi soso. Yawancin silin ɗin motar da muke gani ya zazzago, siririn soson da ke bayan yadin ne ya tsufa ya zama gari, gam kuwa yana nan riƙe da garin. Ƙara gam a kan irin wannan soso aikin baban giwa ne. Ta biyu ta shafi ledar kujera. A cikinta akwai wani mai da aka zuba domin ta yi taushi, kuma da zafi wannan mai yana tsattsafowa ya shiga gam ya mai da shi kamar kunu. Gam mai robar naitiril shi ya fi jure wannan mai.

4.2 Jikin jirgin

Jikin mota ƙarfe ne mai fenti, na jirgi kuwa galibi goran ruwa ne, watau alminiyam, wanda kaurinsa a wurare da dama bai kai milimita 1 ba. Kafin a shafa gam sai an wanke maiƙon da ke jikinsa, an ɗan kankare fuskar da soson guga marar ƙarfe, an sake sharewa. Ba a taɓa shi da buroshin waya ko soson ƙarfe irin na wanke tukunya, domin ɓurɓushin ƙarfen yana nutsewa cikin alminiyam, da zarar laima ta same shi sai wurin ya fara cinyewa. Haka kuma ba a amfani da silikon mai warin tsami, domin ruwan tsamin da yake fitarwa sa'ad da yake bushewa yana cin alminiyam.

Soso mai shan ruwa da aka liƙa kai tsaye a jikin jirgi yana riƙe raɓa da laimar damina. Tsatsar alminiyam fara ce kamar gari, tana kuma yin ɓarnarta a ɓoye a bayan yadi. Dangane da rufin ɗakin kuwa, robar akirilik ce, kuma ruwan gam da tina, har da tururinsu, suna sa ta tsattsage da ƙananan layuka waɗanda ba sa gyaruwa. Saboda haka a cire rufin ko a lulluɓe shi sarai kafin a buɗe gwangwani.

4.3 Wuta

Direban da ya ga hayaƙi sai ya ratse ya buɗe ƙofa. Matuƙi ba shi da wannan dama. A ran 19 ga Agusta 1980 wani jirgin kamfanin Saudiyya ya koma ya sauka lafiya a Riyad da wuta a cikinsa, amma duk mutum 301 da ke ciki suka rasu, hayaƙi ne kuma ya kashe su. A ran 2 ga Yuni 1983 irin haka ta sami jirgin Air Canada a Sinsinati ta Amurka, inda mutum 23 daga cikin 46 suka rasu. Bayan wannan ne aka tsananta dokokin soson kujerun jiragen fasinja. Soson katifa in yana ci yana fitar da guba irin ta sayanaid, ledar kujera tana fitar da hayaƙi mai ƙona huhu, yadin roba kamar nailan kuwa narkewa yake yi ya ɗiga a jiki.

Ƙa'idar Amurka ta gwajin yadin jiragen fasinja ita ce, a rataye ƙyallen a tsaye, a sa masa harshen wuta daga ƙasa har daƙiƙa 12, a janye. Dole wutar ta mutu cikin daƙiƙa 15, ƙunar kuma kada ta wuce kimanin santimita 20. Doka ba ta ɗora wa jirgi ƙirar gida wannan ƙa'ida ba a can, amma wuta ba ta duba takardar rajista. Ulu da fata ta gaske suna ƙonewa su yi gawayi ba tare da narkewa ba. A nan muna da gata, domin fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majemanmu na Kano da Sakkwato suka shahara da ita tun zamanin fataucin Sahara, ba ta da kauri, tana kuma da ƙarfi da sauƙin lanƙwasawa.

4.4 Nauyi da bincike

Ƙaramin jirgi mai kujera biyu, da mutanensa da mansa, bai kai tan guda ba. Litar man jirgi tana da nauyin kimanin kilo 0.72. Ke nan wanda ya zuba kilo 7 na soso da darduma a ɗakin matuƙi ya sarayar da nauyin kusan lita 10 na mai. Bugu da ƙari, jirgi yana bukatar cikakken bincike a kalla sau ɗaya a shekara, inda za a duba ƙusoshin da suka haɗa jikinsa, da wayoyin lantarki, da bututun mai, da igiyoyin ƙarfe na tuƙi. Abin da aka liƙe har abada ba ya dubuwa.

5.0 HANYAR DA MUKE BA DA SHAWARA

Bisa waɗannan dalilai, shawararmu ita ce kada a liƙa yadi a jikin jirgin kansa sai a 'yan wuraren da babu makawa. Abin da ya fi shi ne a bi waɗannan matakai.

Da farko a auna kowane sashe na bango da kwali, a yanka siririn faranti marar nauyi daidai da shi. A kan wannan faranti za a yi liƙin, a bisa tebur, a wajen jirgi. A yanka yadin ya zarce faranti da santimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe. A shafa gam siriri a fuskokin biyu, a jira. Tsawon jiran ya danganta da yanayi: da bazara da hunturu ruwan gam yana tashi da sauri ƙwarai, sai a riƙa yin aikin kaɗan-kaɗan, da safe, a kuma tsare shi daga ƙurar hunturu, domin ƙura in ta sauka a kan gam ita za ta liƙu a maimakon yadi. Da damina kuwa, sanyin da tashin ruwan yake haifarwa yana jawo raɓa a fuskar gam har ta yi fari-fari, kuma irin wannan liƙi ba ya ƙarko.

In lokaci ya yi, a shimfiɗa takarda tsakanin fuskokin, a riƙa zare ta a hankali ana dannawa daga tsakiya zuwa gefe, kana a bi da rola. Ƙarfin dannawa shi ke sa gam ya kama. Sa'an nan a naɗe bakin yadin ta bayan faranti a liƙe, domin daga baki ne saki yake farawa. A ƙarshe a ɗaura farantin a jikin jirgi da ƙananan sukurori, ko maɓallai, ko Velcro, wanda yake kamu irin na ƙarangiya a jikin riga. Kusa da matakan ƙafa da gindin sandar tuƙi, sukurori kaɗai za a amince wa.

Kafin duk wannan, ya kamata a yi gwaji iri biyu masu sauƙi. A liƙa ƙyalle a guntun alminiyam, a rataya masa ɗan nauyi, a bar shi mako guda cikin motar da ke rufe a rana da bazara, a ga ko zai saki. A kuma gwada ƙyallen da wuta a fili kamar yadda muka bayyana a 4.3. Wannan ba zai zama shaidar hukuma ba, amma zai fid da yadin da bai cancanta ba. Ga lafiyar mai aikin kuma, a yi liƙi inda iska take ratsawa, nesa da wuta da masu walda, domin tururin gam yana kama wuta, yana kuma bugar da mutum kamar yadda solisho yake yi. Wannan gargaɗi ya fi shafar yaran shago, waɗanda su aka fi ba aikin shafa gam.

6.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa gwanintar da ake bukata wajen wannan aiki tana nan a hannun masu kushin na Jibiya da sauran garuruwanmu. Abin da ya rage musu shi ne sanin dalilai: me zafi yake yi wa gam, me laima take yi wa alminiyam, me wuta take yi wa soso. Wannan kuwa aikinmu ne mu malaman kwalejojin ilmi da na fasaha. Muna ba da shawarar a sa gwaje-gwajen nan biyu cikin darussan aikin hannu, a kuma riƙa gayyato masu sana'ar su nuna wa ɗalibai yadda ake yi, mu kuma mu bayyana musu abin da ya sa. Duk wanda ya kai ga ƙera jirgi kuma, ya nemi iznin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya da shawarar injiniyoyi, irin na Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya wadda aka kafa a 1964, kafin ya yi tunanin tashi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a sama kuwa sau da yawa rigakafin ne kaɗai maganin.